Pedro de Valdivia: Tambayoyi da Amsoshi Kan Wanda Ya Kafa Santiago, Yaron Dokinsa Ya Ga Bayansa

Duk wanda ya fara karanta tarihin yadda Turawan Sifaniya suka mamaye nahiyar Amurka, sunan Pizarro da Cortés yake fara cin karo da su. Sai ya gangara kudu sannan sunan Valdivia ke ɓullowa, kuma tambayoyin da ɗalibai da masu sha'awar tarihi ke yi a kansa kusan iri ɗaya ne. Ga su nan an tattara, daga na sama-sama zuwa masu zurfi. Inda wata amsa ta jingina da wata, an nuna.

Wane ne Pedro de Valdivia?

Sojan Sifaniya ne da ya jagoranci mamayar ƙasar da yau ake kira Chile, ya zama gwamnanta na farko a ƙarƙashin sarautar Sifaniya. Shi ya kafa Santiago, babban birnin ƙasar, ranar 12 ga Fabrairu 1541, sannan Concepción a 1550, da wani birni can kudu da ya raɗa wa sunan kansa, Valdivia, a 1552. A ƙarshen 1553 mutanen Mapuche, 'yan asalin kudancin ƙasar, suka kama shi a fagen daga a Tucapel suka kashe shi.

Yawancin 'yan'uwansa mayaƙa sun tsallaka teku ne don su kwashi zinare su koma gida su miƙe ƙafa. Shi kuwa zama ya kawo shi: a yanka filaye, a shuka alkama, a naɗa majalisa, a gina coci. Kada a ɗauka wannan ya sa ya fi su tausayi. Mai niyyar zama ya fi mai wucewa buƙatar ƙasar mutane da guminsu.

Daga ina ya fito, kuma me ya kai shi Amurka?

An haife shi wajen shekarar 1500 a yankin La Serena na lardin Extremadura, a yammacin Sifaniya, kusa da iyakar Fotugal. Garuruwa da dama na yankin, irin su Villanueva de la Serena da Castuera, har yau kowanne na cewa ɗansa ne. Gidansu gidan asali ne, amma aljihu babu nauyi. Lardin nan mai ƙarancin albarka shi ne ya fitar da Cortés da Pizarro da Balboa, samari masu takobi da girman kai, babu gadon da zai riƙe su a gida.

Ya yi aikin soja a rundunar Sarki Carlos na Biyar, a Flanders da Italiya, har da yaƙin Pavia na 1525 inda aka kama Sarkin Faransa. Ya dawo ya auri Marina Ortiz de Gaete. A 1535 ya bar ta ya hau jirgi zuwa Venezuela, daga nan ya wuce Peru wajen Francisco Pizarro, wanda ya ci daular Inka da yaƙi. Ba su sake ganin juna da matar ba.

In ya yi arziki a Peru, me ya sa ya bar shi ya nufi Chile?

Arziki kam ya yi. Da rikici ya ɓarke tsakanin gidan Pizarro da tsohon abokinsu Diego de Almagro, Valdivia ne ya tsara rundunar Pizarro a yaƙin Las Salinas na 1538. Suka yi nasara, aka kashe Almagro, aka saka wa Valdivia da ramin azurfa a Porco, cikin Bolibiya ta yau, da ƙasa da masu yi masa aiki.

Chile kuwa a lokacin sunanta ya ɓaci. Almagro ɗin nan ya riga ya je a 1535 da Turawa kusan 500 da dubban 'yan ƙasa masu dako. Sanyin tsaunukan Andes ya kashe masu dako ba adadi, bai samu zinaren da yake mafarki ba, ya dawo a 1537 a wulaƙance. Saboda haka da Valdivia ya nemi izinin zuwa a 1539, mutane suka ɗauka ya zautu. Ya saki ramin azurfar, ya ci bashi, ya shiga tarayya da wani ɗan kasuwa mai suna Francisco Martínez.

Dalilin bai da wuyar ganewa. A Peru komai yawan azurfarsa, yaron Pizarro ne. A Chile babu wanda ke gabansa. Shi da kansa ya rubuta cewa burinsa ya bar suna da abin tunawa a bayansa.

Yaya tafiyar ta kasance?

Ya fita daga birnin Cuzco na Peru a watan Janairu 1540 da Turawa 'yan ƙalilan da 'yan ƙasar Peru kusan dubu, waɗanda ake kira yanakona, masu ɗaukar kaya da yi musu hidima har da yaƙi. A hanya wasu ƙungiyoyin da suka sha kaye a wasu wurare suka riƙa haɗuwa da shi, har Turawan suka kai kusan 150. Ya guji hanyar tsauni da ta halaka mutanen Almagro, ya bi ta hamadar Atacama, ɗaya daga wuraren da suka fi ko'ina bushewa a duniya. Sai da ya riƙa rarraba ayarin kashi-kashi, don 'yan rijiyoyin hanya su sake tara ruwa kafin na baya su iso.

Ba ƙishirwa kaɗai ke farautarsa ba. Pedro Sancho de Hoz, wanda ya zo da takardar sarki kan ƙasashen kudu aka tilasta musu tarayya, ya lallaɓo tantinsa da dare da niyyar kashe shi, bai same shi a ciki ba. Valdivia ya yafe masa rai, ya sa shi ya janye daga tarayyar. Wata goma sha ɗaya suka yi kafin su sauka kwarin kogin Mapocho a watan Disamba 1540.

Me ake nufi da "ya kafa gari"? Ba bukkoki kawai suka yi ba?

In da ido za a bi, bukkokin itace da jinka ne. Amma a dokar Sifaniya kafa gari lamari ne na shari'a, kuma nan ne dabarar Valdivia take. Ana rubuta takardar kafuwa a gaban magatakarda, a kafa itace a tsakiyar dandali alamar ikon hukunci, a auna tituna a miƙe su gitta juna, a ware wa coci da gidan gwamna wuri, a raba sauran filayen ga mayaƙa. Wanda ya auna Santiago shi ne Pedro de Gamboa, kuma tsarin da ya shata shi ne har yau tsakiyar birnin, kewaye da dandalin Plaza de Armas. An raɗa masa suna Santiago de la Nueva Extremadura: kashi na farko sunan waliyyin da sojan Sifaniya ke kira a fagen yaƙi, na biyu sunan lardin Valdivia.

Da an kafa gari, sai ya samu majalisa, wato cabildo, mai alƙalai da wakilai. Ta Santiago ta fara zama a watan Maris 1541. Kunnen Bahaushe zai ji wani abu a nan: sunan alƙalin gari da Sifaniyanci alcalde ne, kuma daga kalmar Larabci ɗaya suka fito da tamu ta alƙali. Haka ma alarife, sunan muƙamin Gamboa, da acequia, magudanar ban-ruwa. Ƙarnukan mulkin Musulmi a Andalus sun bi Turawan har bakin kogin Mapocho, a bakinsu.

Amfanin majalisar ga Valdivia ya fito nan da nan. Da ya taso, wakilin Pizarro ne kawai. Sai ga jita-jita cewa an kashe Pizarro, majalisar da shi ya naɗa ta roƙe shi ya zama gwamna da sunan sarki. Ya yi ta ƙi, ana matsa masa, magatakarda na rubutawa, har a watan Yuni 1541 ya karɓa. Wanda ya san mulki ya san irin wannan ƙin. Abin mamaki shi ne jita-jitar ta riga aukuwar: sai ranar 26 ga watan ne aka kashe Pizarro a Lima.

Babu mutane a wurin kafin su zo?

Akwai, da yawa ma. Kwarin Mapocho da na Aconcagua cike suke da manoma masu noman masara da wake da dankali ta hanyar ban-ruwa, waɗanda daga baya aka kira Picunche, wato mutanen arewa a harshen Mapuche. Daular Inka ta riga ta shimfiɗa ikonta a kansu, da hanyoyi da wakilai, kuma masu tonon kayan tarihi sun samu shaidun cewa akwai cibiyar mulkin Inka a inda aka dasa Santiago. Valdivia bai zaɓi daji ba. Ya zaɓi inda akwai gonaki a nome, magudanai a haƙe, da hannayen da za a sa aiki. Yadda aka sa su aikin yana cikin amsar da ke kan encomienda.

Me ya faru ranar 11 ga Satumba 1541?

An ƙone Santiago ƙurmus, wata bakwai bayan kafa ta. Turawan sun tilasta wa mutane wankin zinare a Marga Marga, sun kuma kama wasu shugabanni sun tsare a matsayin garkuwa. Michimalonco, jagoran kwarin Aconcagua, ya jira Valdivia ya fita da yawancin mahaya zuwa kudu, ya afka wa garin da dubban mayaƙa tun kafin gari ya waye. Turawa hamsin da 'yan kai ne a ciki ƙarƙashin Alonso de Monroy, da yanakonansu. Aka wuni ana gwabzawa. Maharan sun janye, amma babu gidan da ya tsira.

Valdivia ya lissafa wa sarki abin da aka ceto daga wutar: aladu mata biyu da ɗan namiji guda, kaza da zakara, da alkama cikin tafi biyu. Ba su ci alkamar ba, shuka ta suka yi. Shekara biyu suna cikin yunwa da tsumma, suna noma da makami a kusa, suna sake gini da tubali. Monroy ya tafi Peru neman agaji da mutum biyar, an ƙera musu likkafu da ƙotar takubba da ɗan zinaren da ya rage, don mutanen Peru su ga kamar Chile na iyo cikin arziki. A Copiapó aka kashe huɗu. Jirgin agaji bai iso ba sai Satumba 1543, Monroy kuma ya dawo ta ƙasa da mahaya 70 a ƙarshen shekarar.

Wace ce Inés de Suárez?

Ita kaɗai ce Baturiya a ayarin 1540. 'Yar garin Plasencia ce, ta tsallaka teku neman mijinta, ta tarar ya mutu. A Cuzco ta haɗu da Valdivia, ya tafi da ita da sunan mai hidima, alhali kowa ya san zaman da suke yi. Tana jinyar masu rauni, tana kula da abinci da dabbobi, kuma ita ake ambata wajen tona makircin da aka ƙulla wa Valdivia. A ranar ƙone Santiago, marubutan zamanin sun ce ita ta ce a sare kawunan shugabanni bakwai da ke tsare a jefa wa maharan, har ta sa hannunta a ciki. Labaran Chile sun daɗe suna kiran wannan jarumta. Mutanen da aka sare a ɗaure suke.

Ƙarshen zamansu ya zo ne ta hanyar shari'a, kamar yadda amsa ta gaba ta nuna. Aka aurar da ita ga Rodrigo de Quiroga, ɗaya daga manyan mayaƙan, wanda daga baya shi ma ya zama gwamna. Ta rayu cikin daraja a Santiago har 1580. Matar aure ta sunna kuwa, Marina, da aka ce a aika ta zo, tana hanya mijin ya mutu. Ta ƙarasa Chile ta tarar da bashi, ta ƙare rayuwarta tana rubuta wa hukuma koke.

Da gaske ne ya gudu da zinaren mutanensa?

Da gaske ne. A watan Disamba 1547 yana buƙatar kuɗin sayen makamai da ɗaukar sababbin mayaƙa a Peru. Sai ya sanar cewa duk wanda ya gaji da Chile an ba shi izinin tafiya da abin da ya tara. Mutane suka loda zinarensu a jirgi a Valparaíso, aka rubuta na kowa. Ya shirya musu walimar bankwana a bakin teku, suna cikin ci ya zame ya hau kwalekwale, jirgi ya ɗaga. An ƙiyasta abin da ya tafi da shi ya kai peso 80,000. A cikin ruɗanin da ya biyo baya Sancho de Hoz ya sake ƙulla makirci, wannan karon Francisco de Villagra, wanda aka bar wa riƙon gari, ya sa aka sare masa kai.

A Peru ya tarar Gonzalo Pizarro, ƙanin tsohon ubangidansa, ya yi wa sarki tawaye. Valdivia ya bi ɓangaren wakilin sarki, Pedro de la Gasca, ya taimaka aka murƙushe tawayen a Jaquijahuana a watan Afrilu 1548. La Gasca ya tabbatar masa da gwamnan Chile. Amma masu ƙorafi sun biyo shi, aka tsayar da shi a Lima kan tuhuma 57. Ya fita da muƙaminsa, bisa sharaɗin ya biya mutane dukiyarsu, ya kuma rabu da Inés.

Mece ce encomienda?

Ita ce ladan mayaƙi. Gwamna kan "damƙa" wa Bature wata al'umma ta 'yan ƙasa tare da shugabanta. Su biya shi haraji, shi kuma a takarda ya kare su ya koya musu addinin Kirista. A Chile mutane ba su da dukiyar biyan haraji, sai abin ya koma aikin tilas: wankin zinare a cikin ruwan sanyi wata da watanni, noma, dako, hidimar gida. A doka ba bayi ba ne, ba a sayar da su. A jikin wanda ake yi wa, bambancin kaɗan ne.

Valdivia ya fara raba wa mutum kusan 60 a yankin Santiago. A 1546 ya rage su zuwa 32, don mutanen da za a raba ba su kai yadda aka zata ba, yaƙi da gudu da cuta sun rage su. Wannan ƙarancin na cikin abin da ya tura shi kudu, inda jama'a ta fi yawa nesa ba kusa ba.

Akwai 'yan Afirka a cikin tafiyar?

Akwai, kuma wanda aka fi sani shi ne Juan Valiente. An kamo shi daga Afirka, ya zama bawan wani Bature mai suna Alonso Valiente a garin Puebla na Meziko. A 1533 ya shawo kan ubangidansa ya bar shi ya tafi yaƙi na shekara huɗu, ya kawo masa abin da ya samu. Bai koma ba. Ya bi Almagro zuwa Chile, ya sake komawa tare da Valdivia, ya kai matsayin kyaftin, aka ba shi gona kusa da Santiago, sannan a 1550 aka ba shi encomienda kusa da Concepción. Wato mutumin da a takarda har lokacin bawa ne a Meziko, ga shi ana yi masa aikin tilas a Chile. Ubangidan ya yi ta aike a karɓo masa kuɗinsa ko bawansa. Kafin maganar ta ƙare, Valiente ya mutu tare da Valdivia a Tucapel.

Garuruwa nawa ya kafa?

Ban da Santiago, ya sa Juan Bohón ya kafa La Serena a arewa a 1544 don tsare hanyar Peru. 'Yan ƙasa suka rushe ta, Francisco de Aguirre ya sake gina ta a 1549. A 1544 ɗin ne kuma ya ayyana Valparaíso a matsayin tashar jiragen Santiago. Sauran duk a kudu suke, kuma cikin shekara huɗu kacal: Concepción, La Imperial, Valdivia, Villarrica da Los Confines, wato Angol ta yau, da sansanonin tsaro uku a Arauco da Tucapel da Purén.

A taswira abin sha'awa ne. A ƙasa kuwa, Turawan Chile gaba ɗaya ba su wuce dubu ba, ga su an watsa su a tsawon ɗaruruwan kilomita, dazuzzuka da manyan koguna a tsakaninsu, wani sansanin mutum goma da 'yan kai ne a ciki. Kowane sabon gari na ƙara masa girma a wasiƙar da zai aika wa sarki, yana kuma rage masa takubban da ke gefensa.

Me ya sa daular Inka ta faɗi da wuri, Mapuche kuwa suka gagara?

Inka na da sarki ɗaya. Da Pizarro ya kama Atahualpa a 1532, ya riƙe kan daular. Mapuche ba su da wannan kan da za a riƙe. Kowace zuriya na da shugabanta, lonko, kuma sai yaƙi ya taso ake taruwa a zaɓi sarkin yaƙi, toki. Ka yi sulhu da wannan kwari, na gaba bai san zancen ba. Ka kashe toki, a zaɓi wani. Ga yawan jama'a, ga daji da ruwan sama da fadamu da ke karya lagon doki. Inka ma sun gwada su sun tsaya a wajen kogin Maule. Sunan kansa na faɗin wani abu: mapu ƙasa, che mutane.

Valdivia ya ɗanɗana su tun 1546, ya kai kogin Biobío ya juyo da dare. Da ya dawo a 1550 ya ci su a Andalién da Penco, ya kuma rubuta wa sarki da kansa cewa ya sa an yanke hannaye da hancin fursunoni kusan 200, aka sake su su je su ba da labari. Ya yi zaton tsoro zai kwantar da su. Labarin kam sun kai shi.

Wane ne Lautaro?

Yaro ne Bamapuche, Leftraru a harshensu, da Turawa suka kama yana ɗan saurayi, ya zama yaron dokin Valdivia. A barga ya ga abin da danginsa ba su gani ba daga nesa: doki dabba ce mai gajiya, mahayi mutum ne mai jin ƙishirwa a cikin sulke, bindigar zamanin kuma tana ɗaukar lokaci kafin a sake ɗura ta. Ya ga yadda ake tsara runduna, ya kuma ga abin da aka yi wa fursunoni. Ya gudu ya koma wajen mutanensa da wannan ilimi, da ɗan gari kuwa akan ci gari.

Dabararsa ita ce kada a tunkari Turawa gaba ɗaya a fili. A raba mayaƙa rukuni-rukuni, wannan ya gwabza ya janye, sabo ya shigo, a wurin da doki ba zai yi sukuwa ba, a kuma tare hanyar gudu tun da wuri. Bayan Tucapel ya ci Villagra a Marihueñu a watan Fabrairu 1554, Turawa suka watse daga Concepción, ya ƙone ta. Ya doshi Santiago kanta, aka yi masa kwanton ɓauna a sansaninsa a bakin kogin Mataquito a 1557 aka kashe shi, yana da shekara ashirin da 'yan kai.

Yaya Valdivia ya mutu?

A watan Disamba 1553 labari ya iske shi a Concepción cewa an tayar a Tucapel. Ya fita da mahaya kusan 50 da yanakona, ya biya ta ramukan zinare na Quilacoya, ya aika wa Juan Gómez de Almagro a Purén su haɗu a can. Ranar da aka fi ambata ita ce 25 ga Disamba. Ya tarar sansanin toka, agajin bai iso ba, sai mayaƙan Lautaro suka fito daga daji. Aka kori rukunin farko, na biyu ya shigo, na uku ya biyo, har dawakai suka kasa. An ruwaito cewa ya tambayi mutanensa me za su yi, ɗaya ya amsa masa da cewa me ya rage ban da su yi yaƙi su mutu. Ya yi yunƙurin tserewa tare da limamin cocinsa, dawakansu suka kafe a taɓo, aka kama su.

Babu Bature ko ɗaya da ya tsira, don haka duk abin da aka rubuta kan kisan ji-ta-ji-ta ne. Wasu sun ce ya yi alkawarin kwashe Turawa daga ƙasar in an bar shi, wani dattijo ya buge shi da kulki a ka. Alonso de Góngora Marmolejo ya ce an yanyanka naman hannuwansa da ɓawon kifin teku yana raye. Akwai kuma ruwayar da ta fi yawo, cewa an ɗura masa narkakken zinare a baki. Wannan ta ƙarshe ta yi kama da labarin da aka ƙera don darasi, kuma an taɓa ba da irinta a kan wasu masu kwaɗayin tun zamanin Rumawa.

Daga ina aka san duk wannan?

Daga wasiƙun Valdivia ga sarki da manyan hukuma, da littafin zaman majalisar Santiago, da takardun shari'ar Lima, da marubuta uku da suka yi zamani da shi a Chile: Jerónimo de Vivar, da Góngora Marmolejo, da Pedro Mariño de Lobera. Wasiƙun na mai neman muƙami da ƙarin mutane ne. A ta ranar 4 ga Satumba 1545 ya yi wa Chile kirari, ya ce babu ƙasar da ta fi ta daɗin zama a duniya, alhali mutanensa ba su daɗe da fita daga yunwa ba. Adadin mayaƙan Mapuche da suke bayarwa ma sai an tace, don yawan abokan gaba na ƙara wa nasara kwarjini, yana kuma rufa wa kaye asiri. Mapuche ba su rubuta nasu ba a lokacin, ta bakin maƙiyansu muke jin su.

Me ya faru da garuruwansa bayan mutuwarsa?

Na arewa sun tsaya, na kudu sun sha wuya. An sake gina waɗanda aka rushe, amma a 1598 Mapuche suka kashe wani gwamnan, Martín García Óñez de Loyola, a Curalaba, kuma ya zuwa 1604 duk garuruwan Turawa da ke tsakanin kogin Biobío da tsibirin Chiloé sun zama kufai, har da La Imperial da Villarrica da Valdivia. Biobío ta zama iyaka. A taron Quilín na 1641 Sifaniya ta zauna da shugabannin Mapuche ta amince da ita, abin da ba kasafai ta yi da wata al'umma a Amurka ba. An sake gina birnin Valdivia a 1645 a matsayin tashar tsaro ta bakin teku; shi ne wanda girgizar ƙasa ta 1960, mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa, ta ɗaiɗaita. Concepción ma an ɗauke ta daga inda ya dasa ta, bayan girgiza da ambaliyar teku ta 1751.

Yaya mutanen Chile ke kallonsa yau?

A rabe. Gunkinsa a kan doki na tsaye a Plaza de Armas, akwai babban titi da tashar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa da sunansa, kuma ɗan gunkin Maryamu da ya zo da shi daga Peru yana cocin San Francisco a Santiago. An daɗe ana koya wa yara cewa shi ne uban ƙasa. A zanga-zangar 2019 kuwa, masu bore sun tumɓuke gumakansa a Temuco da Concepción.

Lautaro ma ƙasar ta ɗauke shi nata. Jagororin neman 'yanci irin su O'Higgins da San Martín sun sa wa ƙungiyarsu ta sirri sunansa, duk da cewa jinin Turawan ne a jikinsu. Jamhuriyar da suka kafa ita ce ta yi abin da Sifaniya ta kasa: tsakanin 1861 da 1883 sojojinta suka ƙetare Biobío suka ci ƙasar Mapuche, aka raba filayen. A ƙidayar 2017 mutum sama da miliyan 1.7 suka ce su Mapuche ne, kuma rikicin filaye tsakaninsu da kamfanonin katako da gwamnati bai mutu ba a yankin Araucanía. Masu kallon ƙwallo kuma sun riga sun san sunayen ba tare da sun lura ba: kulob ɗin Colo-Colo na Santiago sunan wani dattijon Mapuche na wancan yaƙin ya ɗauka, Lautaro Martínez na Ajantina kuwa takwaran yaron dokin ne.